Shigar da Faffaɗan Layin Intanet a Sabon Wurin Sana'a: Misali daga Limancin Kona

Gabatarwa

Limancin Kona ɗaya ce daga cikin tsofaffin unguwannin da ke cikin ganuwar birnin Zariya. An san ta da malamai da zaurukan karatu tun zamani mai nisa, kuma Limamin Kona yana cikin masu zaɓen sarki a masarautar Zazzau. A yau, kusa da waɗannan zauruka, ana samun shagunan buga takardu da na cirar kuɗi da na sayar da magani, waɗanda aikinsu ba ya tafiya sai da intanet. Wannan babi zai yi bayanin yadda ake shigar da layin intanet mai ƙarfi a sabon wurin sana'a a irin wannan unguwa. Za a ga cewa kawo intanet daga Legas zuwa Zariya, tafiyar fiye da kilomita 800, ya fi sauƙi a kan shigar da shi daga bakin titi zuwa cikin lungu.

Ma'anar Faffaɗan Layi

Turawa suna kiran wannan layi burodban, wato mai faɗi. Masu fassara a gidajen rediyo sukan ce intanet mai sauri, kuma wannan ya isar da saƙo ga mai sauraro. Sai dai kalmar faɗi ta fi kusa da ainihin abin, domin ana kwatanta layin ne da hanya: wadda mota huɗu za su bi a jere ta fi wadda jaki ɗaya ke bi ɗaukar kaya a lokaci guda. Ɗalibin da zai koyar da fassara zai amfana da lura da wannan bambanci. A nan za a yi amfani da faffaɗan layi, ma'ana layin da ke a buɗe dare da rana, mai iya ɗaukar aikin na'urori da yawa a tare.

Ana auna faɗin layi da megabit a kowace daƙiƙa, alhali girman takarda ko hoto ana auna shi da megabait. Kalmomin sun yi kama, kuma a nan ne masu saye da yawa suke ruɗewa. Bit takwas ne suke yin bait ɗaya. Saboda haka layin da aka ce yana da megabit 10 yana sauke megabait ɗaya da kwata ne kawai a daƙiƙa, ke nan fayil mai megabait 50 zai ɗauki daƙiƙa 40. Tsarin faffaɗan layi na ƙasa na shekarun 2020 zuwa 2025 ya sa burin a samar da aƙalla megabit 25 a birane da megabit 10 a karkara. Wannan ma'auni ne mai amfani ga mai shago idan ya zo ciniki.

Yadda Layin Ya Iso Zariya

Kafin 2001 samun wayar tarho a Nijeriya galibi ta hannun kamfanin gwamnati na NITEL ne, kuma layukan ba su kai ko'ina ba. A watan Janairun wannan shekara Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula, a watan Agusta kuma MTN da Econet suka fara aiki. Glo ya biyo baya a 2003. A waɗannan shekaru mai neman intanet sai ya tafi shagon da ake kira kafe, ya sayi minti talatin ko sa'a guda, kuma yawancin irin waɗannan shaguna da faifan tauraron ɗan'adam suke kamo layi, a kan kuɗi mai tsada.

Abin da ya sauya lamarin shi ne wayoyin ƙarƙashin teku. Waɗannan wayoyi ba na tagulla ba ne, zaren gilashi ne siriri kamar gashi, wanda haske ke bi ta cikinsa ɗauke da saƙo. Na farko da ya sauka a Legas shi ne SAT-3 a farkon shekarun 2000. MainOne da Glo-1 suka zo a 2010, WACS a 2012, sannan Equiano na kamfanin Google a 2022. Daga Legas kamfanoni suka binne irin wannan zare a gefen manyan hanyoyi zuwa arewa. Zariya ta yi sa'a, domin tana kan hanyar Kaduna zuwa Kano, ga kuma Jami'ar Ahmadu Bello da sauran manyan makarantu masu buƙatar layi.

Binne waya a gefen titi yana buƙatar izinin gwamnatin jiha, kuma kuɗin wannan izini ya daɗe yana hana ruwa gudu. A 2013 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta amince da naira 145 a kan kowace mita, amma jihohi da yawa suka ci gaba da karɓar dubbai. A 2020 Jihar Kaduna ta yafe kuɗin gaba ɗaya. Wannan ya sauƙaƙa wa kamfanoni haƙa a manyan tituna, amma bai faɗaɗa lungu ko ɗaya ba.

Daga Bakin Titi Zuwa Shago

A ƙaddara wani matashi ya kama hayar shago a Limancin Kona, yana son ya riƙa duba wa ɗalibai sakamakon WAEC da NECO, da cike musu takardun shiga makaranta, da biyan kuɗin rajista, tare da ajiye na'urar POS. Hanyoyi huɗu ne a gabansa, amma ba shi ne kaɗai zai zaɓa ba, wurin da shagon yake shi ma yana da ta cewa.

Zaren gilashi shi ne mafi ƙarfi da tabbas, ruwan sama ba ya taɓa shi, kuma yawan masu waya a unguwa ba ya rage masa gudu sosai. Sharaɗinsa shi ne akwatin rarraba layi na kamfani ya kasance kusa. Tsohon birni kuwa ba a tsara shi don haƙa ba. Lungunansa ƙanana ne masu karkacewa, wasu ko Keke Napep ba ya shiga, kwata tana bin tsakiya ko gefe, katangun gidaje kuma sun matso har bakin hanya. Duk wanda ya haƙa rami a gindin katangar ƙasa ana dab da damina, ya san abin da zai biyo baya tsakaninsa da mai gida. Shi ya sa kamfanoni sukan gwammace su rataya wayar a kan fal-fal, idan akwai su. Idan nisan ya wuce abin da kamfani ya saba ja kyauta, mai shago ne zai biya kuɗin ƙarin waya da na turaku, kuma wannan kuɗi yakan iya fin na na'urar kanta. Shago biyu masu kuɗin haya ɗaya, ɗaya a bakin kwalta ɗaya a cikin lungu, ba daidai suke ba a wannan fuska.

Hanya ta biyu ita ce rauta mai layin waya, wato ƙaramar na'urar da ake sa mata sim, ta kamo sabis daga ƙarfen kamfani ta rarraba shi a cikin shago. Ita ce mafi yawan ƙananan 'yan kasuwa suke amfani da ita, saboda a rana ɗaya ake saye a kunna, kuma idan aka tashi daga shagon da ita ake tafiya. Tun daga Disamban 2020 dole ne a haɗa kowane sim da lambar shaidar ɗan ƙasa, NIN, kafin ya yi aiki. Rauninta biyu ne. Na farko, ƙarfen sabis na kowa da kowa ne, don haka layin da ke gudu da hantsi yana iya zama rarrafe bayan Isha'i, lokacin da jama'ar unguwa suka ɗauki wayoyinsu. Na biyu, kaurin bangon ƙasa da rufin kwano suna tare sabis. Ginin da kakanni suka yi don ya hana zafi shiga, shi ne kuma yake hana sabis shiga. Maganin wannan shi ne a ajiye rautar a sama kusa da taga, ko a kafa mata eriya a waje. Fasahar 5G, wadda MTN ya fara a 2022 Airtel kuma a 2023, ta fi 4G gudu, amma ta fi ta kasa ratsa bango, kuma ba kowane ƙarfe ne yake da ita ba.

Akwai kuma layin rediyo, inda ake kafa ƙaramin faifai a kan dogon ƙarfe ya fuskanci hasumiyar kamfani. Wannan yana buƙatar faifan biyu su riƙa ganin juna, ba bene ko bishiya a tsakani. Ta huɗu ita ce tauraron ɗan'adam. Starlink ya fara aiki a Nijeriya a watan Janairun 2023, ita ce ƙasa ta farko a Afirka. Taurarinsa suna shawagi a nisan kimanin kilomita 550, ba kamar na zamanin kafe ba da ke kimanin kilomita 36,000, don haka saƙo ba ya jinkiri. Ba ruwansa da lungu, sarari kawai yake buƙata a sama. Amma kayansa da kuɗin watansa sun fi ƙarfin ƙaramin shago, ya fi dacewa da makaranta ko asibiti ko 'yan kasuwa da suka haɗa kuɗi, ga shi kuma yana cin wuta ninkin rauta sau da yawa.

Hawa Rufi da Haƙƙin Maƙwabta

Wannan batu ba ya cikin takardar kamfani, amma a cikin birni yana iya tsayar da aiki cak. Eriya da faifai duk a sama ake kafa su, wanda ya hau rufi kuwa yana hango tsakar gidajen mutane, inda iyali suke harkokinsu. Al'adar Hausawa ta tanadi hanya tun kafin zuwan intanet: magini ko mai yaɓe ba ya hawa soro sai an aika an sanar da gidajen da ke kewaye, mata su kimtsa. Injiniyan da kamfani ya turo mai yiwuwa baƙo ne, bai san wannan ba, saboda haka nauyin yana kan mai shago. Shi zai nemi izinin mai gidan haya kafin a huda bango, ya gaisa da maƙwabta ya faɗa musu rana da lokaci, idan kuma waya za ta ƙetare lungu ko ta bi ta kan katangar wani, ya kai maganar gaban mai unguwa. Wayar da aka ja da yardar mutane, su ne masu gadinta. Wadda aka ja da gadara kuwa, ranar da mota mai dogon kaya ta tsinke ta babu wanda zai ce ya gani.

Wuta

Layi ba ya aiki sai da lantarki, kuma kowa ya san halin wutar gari. Abin farin ciki shi ne rauta ba ta cin wuta da yawa, ba ta wuce ƙwan fitila ɗaya ko biyu na zamani ba, don haka ƙaramin batir da faifan sola ɗaya suna iya riƙe ta yini guda. Ya kamata a raba ta da layin injin hoto da firinta, domin kada a ce sai an tayar da janareta kafin a tura wa mutum kuɗi. Ƙarfen eriya kuma dole a haɗa shi da wayar da aka binne a ƙasa saboda tsawa, musamman a farkon damina.

Abin da Ake Dubawa Kafin Biya

Kuskuren da aka fi yi shi ne a biya hayar shekara, a yi fenti, a kawo kwamfutoci, sannan a fara neman layi. Daidai shi ne a gwada sabis kafin a ba da ko sisi. Mai neman shago ya shiga ciki da sim na kamfanoni biyu ko uku, ya rufe ƙofa, ya auna gudun layi da safe da rana da dare, har da ranar da gari ya cika. Ya auna saukewa da kuma aikawa, domin mai cike wa ɗalibai takardu aikinsa tura hotuna da shaidu ne, kuma layuka da yawa suna da ƙarfin saukewa amma aikawarsu ba ta taka kara ta karya ba. Idan zaren gilashi yake so, ya nemi kamfani ya turo ma'aikaci ya duba wurin ya rubuta kuɗin aikin dalla-dalla.

Takardar yarjejeniya ma tana buƙatar karatu a tsanake. Akwai layin da mutum yake rabawa da wasu, akwai wanda aka keɓe masa shi kaɗai, kuma tazarar kuɗinsu mai yawa ce. Kalmar nan ta "babu iyaka" da ake gani a talla sau da yawa tana da iyaka a ƙananan rubutu: idan aka cinye wani adadi na data, sai a rage gudun har ƙarshen wata. Ya kamata a san ko na'urar mallakar mai shago ce ko aro, da kwana nawa kamfani ya ɗauki alkawarin gyara, da abin da zai faru idan aka sauya shago. Farashi ma ba ya zama wuri ɗaya, domin a watan Janairun 2025 NCC ta amince wa kamfanoni ƙarin da ya kai kashi 50 cikin 100. Idan aka yi saɓani, ƙa'ida ita ce a fara kai ƙara ga kamfanin a karɓi lambar shaida, in bai biya buƙata ba sai a kira NCC a lamba 622, wadda kyauta ce.

Ko da an cika duk waɗannan, layi ɗaya bai isa wurin sana'a ba. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin teku huɗu, wato SAT-3 da MainOne da WACS da ACE, suka lalace a tekun da ke daura da ƙasar Kwaddibuwa. Bankuna da shaguna a Nijeriya da maƙwabtanta suka shiga matsala, gyaran kuma ya ɗauki makonni. Kamfanonin da suke da wata hanya sun karkatar da layinsu sun farfaɗo da wuri. A cikin gida ma aikin titi yakan tsinke zaren gilashi a kai a kai. Ga mai shago a Limancin Kona, abin da wannan yake nufi shi ne ya ajiye sim na wani kamfani dabam da wanda ya ba shi babban layi, da 'yar data a ciki, ya kuma gwada shi aƙalla sau ɗaya a wata don kada a rufe shi saboda rashin amfani.