Madarumfa da neman kuɗin gwamnati don gyaran tsakiyar gari da gidaje

Garin Madarumfa, wanda yake kimanin kilomita 25 kudu da birnin Maradi kuma kusa da iyakar Najeriya ta ɓangaren Jibiya, shi ne babban garin gundumar da ta haɗa ƙananan hukumomi shida, wato Madarumfa da Ɗan Isa da Jiratawa da Gabi da Safo da Sarkin Yamma. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna cewa ƙaramar hukumar Madarumfa tana da mutane kusan dubu 72, amma waɗanda suke zaune a cikin garin kansa ba su wuce dubu 12 da 'yan kai ba, sauran kuwa suna ƙauyuka suna noma da kiwo da su. A doka ana lissafa ta cikin ƙananan hukumomin birni, saboda nan ne mazaunin shugaban gunduma, alhali tattalin arzikinta na karkara ne, kuma daga wannan saɓani ne matsalar kuɗin gyaran gari ta samo asali, domin ana sa ran ta yi ayyukan birni da kuɗin shigar ƙauye.

Tun da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi na farko a Nijar a watan Yulin 2004, aka ɗora wa ma'aikatar magajin gari nauyin tsabtar gari da kasuwanni da tashoshin mota da hanyoyin cikin gari, kuma dokar 2010 da ta tsara aikin ƙananan hukumomi ta tabbatar da hakan, kafin a 2016 gwamnati ta miƙa musu wani kaso na harkokin ilimi da lafiya da ruwan sha da muhalli. Abin da hukumar take tarawa da hannunta shi ne harajin da masu unguwanni da masu gari suke karɓa daga magidanta, da kuɗin tikitin rumfuna da na dabbobi ranar kasuwa, da na tasha, da na takardu. Wannan kuɗi yana hawa da sauka tare da damina, domin manomin da gero bai yi masa kyau ba zai fara ciyar da iyalinsa kafin ya tuna da haraji, kuma idan an fitar da albashin ma'aikata da man mota, abin da ya rage ba ya isa gina magudanan ruwa. Wata hanyar da ƙananan hukumomi da dama a ƙasar suka saba bi ita ce yanka gonakin bakin gari su sayar a matsayin filayen gini, wadda take kawo kuɗi a shekarar da aka yi ta, amma ta bar sababbin unguwanni babu famfo babu hanya, tsohon garin kuma yana nan yadda yake. Yin haka kamar cin iri ne kafin shuka.

Saboda haka dole a nemi kuɗi daga gwamnatin tsakiya, kuma ƙofar da aka tanada ita ce hukumar ANFICT, wadda aka kafa da dokar 2008 domin ta karɓi tallafin gwamnati da na ƙasashe masu hannu da shuni ta rarraba wa ƙananan hukumomi. Manyan asusunta biyu ne: ɗaya na tallafa wa gudanar da mulki ne, ɗayan kuma na daidaitawa, wato wanda aka yi domin hukumar da ba ta da ƙarfi ta sami abin yin ayyuka kamar mai ƙarfi. Kafin a ba da kuɗin aiki sai aikin ya kasance cikin kundin tsarin raya ƙaramar hukuma, wanda ake rubutawa bayan tuntuɓar jama'a don ya yi aiki na tsawon wasu shekaru, sannan ya shiga jerin ayyukan shekara da kasafin kuɗi, kuma a nuna lissafin abin da aka kashe a baya. Tsarin yana da kyau a takarda, sai dai kuɗin ana raba shi ne tsakanin ƙananan hukumomi fiye da 260, kuma magadan gari sun daɗe suna kukan cewa kuɗin kaɗan ne kuma ba ya zuwa a kan lokaci. Idan ya zo, yawanci ajin makaranta ko rijiya yake ginawa, waɗanda babu mai musun amfaninsu, amma ba su ne gyaran gari ba.

Kuɗi mai kauri na ƙawata birane ya bi wata hanya dabam, wato bikin zagayowar ranar Jamhuriya ta 18 ga Disamba, wanda aka riƙa kai shi babban birnin wata jiha kowace shekara tare da kwalta da fitilu da gine-gine. Dosso ta samu a 2014, Maradi ta samu nata mai suna Maradi Kwalliya a 2015, sai Agadez da Tawa da Damagaram a shekarun da suka biyo baya. Garuruwan gunduma irin su Madarumfa ba sa cikin wannan layi, kuma kusancinta da Maradi ya zame mata alheri da cikas a lokaci guda, tunda ɗan kasuwar da ya sami kuɗi ya fi son ya gina gidansa da shagonsa a birni. Babbar hanyar Maradi zuwa Katsina ma ta Ɗan Isa ta bi, kuma kuɗin duwan da ake karɓa a iyaka na baitulmalin ƙasa ne.

Batun gidaje ya fi na ƙawata gari gaggawa. Yawancin gidajen yankin na ƙasa ne, kuma ginin ƙasa ba daga sama yake fara lalacewa ba: ruwan da indararo ya zubo a lungu, idan bai sami mafita ba, yakan kwanta a gindin katanga ya jiƙa ta har ta yi laushi, sai bango ya tsage, azara ta saki, ɗaki ya rufta, sau da yawa cikin dare mutane suna barci. A daminar 2024 ambaliya ta kashe mutane kusan 400 a Nijar ta kuma shafi fiye da miliyan 1.5, kuma jihar Maradi tana cikin waɗanda abin ya fi yi wa ɓarna. Ƙari a kan haka, tun 2019 gundumar take karɓar mutanen da suka gudo daga hare-haren 'yan bindiga a arewa maso yammacin Najeriya, yayin da satar mutane da shanu a ƙauyukan da ke kusa da dajin Baban Rafi take tura wasu iyalai zuwa manyan garuruwa. Bankin gidaje na ƙasa da aka buɗe a 2018 yana ba da rance ne ga wanda yake da kuɗin shiga tabbatacce da takardar mallakar fili, abubuwan da masunci ko mai lambu ba kasafai yake da su ba. Abin da zai amfani irin wannan magidanci shi ne 'yan buhunan siminti na ɗaga harsashin gini, da yaɓe mai ƙarko, da magudanar da za ta janye ruwa daga ƙofar gidansa, kuma kuɗin da za a kashe wajen gina rukunin gidajen ma'aikata guda zai iya yin wannan ga unguwa sukutum.

Madarumfa tana da hujjojin da za ta gabatar waɗanda ba kowane gari yake da su ba. Tafkinta, tare da dajin da ke kusa da shi da kaburburan waliyyai 99 da ake ziyarta, ya shiga jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO a 2006, kuma a 2019 aka sanya shi cikin yarjejeniyar Ramsar mai kare dausayi da tafkuna na duniya. Ruwan da yake wanke sharar gari a ƙarshe gangarowa yake yi zuwa kwari, don haka gyaran magudanai aikin kare kifi da lambuna ne, kuma da wannan hujja ana iya neman kuɗin muhalli ban da na birane. Akwai kuma layin dogo na Kano zuwa Maradi mai tsawon kilomita 284 da aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, wanda zai ratsa ƙasar gundumar ya ɗaga darajar filaye, abin da yake wajabta a tsara taswirar gari kafin masu saye don su ɓoye su riga jama'a.

Tun watan Afrilun 2024 aka rusa zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa kantomomin riƙo, wanda hakan ya sa babu kansilan da ɗan unguwa zai tare ya tambaya inda aka kwana. Ya kamata sarakunan gargajiya da ƙungiyoyin masunta da na mata da 'yan kasuwa su nemi a karanta musu kasafin kuɗin hukumar a bainar jama'a, su kuma dage cewa duk takardar neman tallafi da za a aika Yamai ta sa magudanan ruwa da harsashin gidaje a gaba, fitilun titi da ƙofar shiga gari su biyo baya.