Za ka haɗa kwamfuta a Ikeja ka aika Shira? Fara lissafin wuta tukuna

Mu mazauna Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan mun saba da saƙon gida: ƙani ko ɗa na son buɗe shagon buga takardu da tace bidiyon biki a Yana ko Azare, a taimaka a shiga Computer Village a haɗo masa kwamfuta. To, jama'a, na'urar da za ta zauna a ƙasar Katagum ba ƙarfi kaɗai ake duba mata ba. Wutar da za ta ci da zafin da za ta jure su ne kan gaba.

Fara da furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar. In aikin buga takardu ne, da cike fom a intanet, da gyaran hoto, AMD Ryzen 5 5600G ya wadatar: ƙwaya 6 gare shi, wat 65 aka ƙayyade masa, kuma yana da sashen hoto a cikinsa, ba sai an sayi kati daban ba. Intel Core i5-12400 ma haka yake. Amma a kula, duk Intel mai harafin F a ƙarshe, kamar 12400F, ba shi da wannan sashe. Idan ba kati, ko alama ba za ka gani a allo ba. Kuma kowanne da irin madabod ɗinsa: 5600G na AM4 ne, 12400 na LGA1700.

Katin hoto kuwa, sai in aikin ya buƙata, kamar tace bidiyo mai nauyi ko zanen gini. Nan ne wuta ke tafiya. RTX 3060 shi kaɗai yana jan wat 170, alhali RTX 3050 mai gigabait 6 wat 70 ne. Ga mai dogaro da sola da inbata ko ƙaramin janareta, wannan ratar kuɗin batir ce da fetur kullum.

Sai zafi. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, yakan haura digiri 40 a yankin Azare, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka. Na'ura in ta yi zafi rage gudu take yi da kanta, ka ga an biya kuɗin doki an samu tafiyar jaki. A saya mata akwati mai shan iska da fanka mai kyau.

Game da na hannu, a yi hattara. Tun Satumbar 2022 da Ethereum ta daina haƙa da katin hoto, katunan da suka yi aiki dare da rana suka cika kasuwannin duniya. Kar ka biya sai an kunna shi a gabanka, an ɗora masa aiki mai nauyi ka ga yadda zafinsa yake.

Kafin ka taka Otigba, kira gida ka yi tambaya biyu: wane aiki za a yi, kuma inbatar wat nawa ce? Amsar ita za ta zaɓa maka kaya.