Ƙungiyoyin da ke tsaron tsofaffin manyan kwamfutoci tun 1955

A watan Afrilun 2020, lokacin da annobar korona ta tsayar da ayyuka, gwamnan jihar New Jersey ta Amurka, Phil Murphy, ya fito gaban 'yan jarida yana cigiyar waɗanda suka iya COBOL. Masu neman tallafin rashin aiki sun yi wa kwamfutar jihar yawa, manhajar da ke kanta kuwa ta haura shekara 40, kuma masu iya gyara ta sun yi ƙaranci.

COBOL harshen rubuta manhaja ne da aka tsara a 1959 domin lissafin kuɗi da albashi. Har yau bankuna da kamfanonin inshora da ofisoshin haraji da dama a kansa suke tafiya, a kan manyan kwamfutocin IBM. Ilimin kula da su kuwa, kaso mai yawa nasa yana hannun ƙungiyoyin ma'aikatan da ke amfani da injinan.

Babbar yayarsu ita ce SHARE, wadda aka kafa a 1955 a yankin Los Angeles. A wancan zamani IBM kan kawo inji kusan babu manhaja, kowane mai saye ya san yadda zai yi da shi. Injiniyoyin kamfanonin ƙera jiragen sama da na cibiyar bincike ta RAND, waɗanda ke jiran injin IBM 704, suka ga kowa zai ɓata watanni yana rubuta abin da maƙwabcinsa ya riga ya rubuta. Sai suka yi shawarar haɗa taska guda, kowa ya zuba, kowa ya ɗiba. Abin lura shi ne, wasunsu abokan gasa ne a kasuwa. Zuwa 1959 har sun samar da tsarin tafiyar da injin IBM 709 da ke ɗauke da sunan ƙungiyar. Masu harkar kasuwanci suka kafa tasu, GUIDE, a 1956. Ta rufe a 1999.

Ƙarfin SHARE ya wuce musayar manhaja. Mambobi kan rubuta gyaran da suke buƙata, a tattauna, a jefa ƙuri'a, sannan a miƙa wa IBM a matsayin buƙatar taro. Kamfani na iya kau da kai daga koken ofis ɗaya, amma da wuya ya yi haka ga manyan abokan cinikinsa idan sun haɗa baki. Duk wanda ya taɓa bin ɗan kwangila shi kaɗai kan manhajar da ta ƙi aiki ya san bambancin.

Akwai kuma tarin da ake kira CBT Tape, wanda ya samo suna daga wani banki a jihar Connecticut, inda aka fara haɗa shi a shekarun 1970. Ƙananan manhajoji ne da ma'aikata suka rubuta don warware matsalolinsu na yau da kullum, ana rarraba su kyauta, da fari a faifan maganaɗisu, yanzu ta intanet.

Barazanar da ke gaban ƙungiyoyin ita ce ritaya. Injinan sababbi ne. IBM na ci gaba da ƙera su, kuma tun daga System/360 na 1964 yake kiyaye ƙa'idar cewa tsohuwar manhaja ta yi aiki a kan sabon inji. Wannan alheri shi ya jawo sakaci: abin da bai lalace ba, ba a damu a rubuta bayaninsa ba, sai ya zauna a kan mutum ɗaya ko biyu. A 2016 ofishin binciken gwamnatin Amurka, GAO, ya ruwaito cewa babban kundin masu biyan haraji na hukumar IRS ya haura shekara 50 yana aiki.

Shi ya sa tarukan SHARE na yanzu ke ware zama domin sababbin shiga. Shirin Open Mainframe Project, wanda gidauniyar Linux ta kafa a 2015, ya fitar da darasin COBOL kyauta a 2020, a watan da gwamnan New Jersey ya yi cigiyarsa.