Kangayen Dutse na Kwarin Swaledale da Mai Ɗaukar Hoto

A arewacin Ingila, cikin yankin Yorkshire Dales da aka mayar gandun ƙasa a 1954, akwai wani kwari da ake kira Swaledale. Duk wanda ya bi hanyar ƙauyukan Muker da Gunnerside zai ga kusan kowace gona da ɗan ɗakinta na dutse tsaye shi kaɗai, nesa da gidan mai gonar. An gina mafi yawansu tsakanin 1750 da 1850. Yau da dama sun zama kango, masu kamara kuma na ta tururuwa a kansu.

Kafin mutum ya ɗaga kamara, ya kyautu ya san dalilin ginin. Manomin wancan zamani ba shi da tarakta. Maimakon ya yi ta jigilar ingirici zuwa gida, sai ya gina ɗaki a inda ciyawar ke fitowa: ɓangare ɗaya na ingirici, ɗaya na shanu huɗu ko biyar. Daga Nuwamba zuwa Mayu shanun na ɗaure a ciki, shi kuwa safe da yamma yana ratsa ƙanƙara ya je ya ba su ci da sha. In sanyi ya wuce, sai a kwashe takin a watsa a gonar da ta ciyar da su. Da tarakta ta zo, aka koma naɗe ciyawa cikin leda ana tara shanu a manyan rumfuna kusa da gida, sai ɗakunan suka rasa aikin yi.

Yawancin hotunan da ake ɗauka daga nesa ne: kore shar, ga ɗaki can tsakiya, ga gajimare. Suna da kyau, ba musu, amma ba sa nuna hannun magini. A matso kusa. Katangun da suka raba gonakin ba siminti ba laka, nauyin dutse kawai ke riƙe su. Fuska biyu ake tayarwa, gindi da faɗi, sama na tsukewa, a cike tsakiya da ƙananan duwatsu. Kowane dutse kan gaɓar biyu na ƙarƙashinsa yake zama. Can kuma sai ka ga wani dogon dutse ya ratsa katangar har kansa ya leƙo waje; shi ke ɗaure fuskokin biyu kada su rabu. A jikin ɗakunan ma ana ganin irinsu jere a layi. Rufin kuwa fallayen dutse ne, manya a ƙasa, suna ƙanƙancewa har ƙololuwa.

Rana tsaka ba ta nuna wannan. Sai da hantsi ko la'asar sakaliya, lokacin da haske ke zuwa ta gefe, kowane dutse yake fitar da inuwarsa. Bayan ruwan sama ma launin dutse da gansakuka sun fi fitowa. Kada a manta da rufi, don ta nan mutuwar gini ke farawa: falle ɗaya ya zame, ruwa ya ruɓar da katako, nauyin sauran ya tura bango waje. Shi ya sa shiga ciki ganganci ne. Hawa katanga don neman kusurwa kuwa ɓarna ce, kuma kango ko ya rushe yana da mai shi.

Wanda ke Najeriya ba sai ya nemi biza ba kafin ya gwada idonsa. A Sukur, kan duwatsun Mandara a Jihar Adamawa, wurin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1999, akwai gonaki hawa-hawa da aka tokare da dutse, da hanyoyin da aka shimfiɗe da shi, da fadar Hidi, wato sarkin Sukur. Mutanen Sukur na nan suna noma gonakinsu, don haka sai an yi sallama an nemi izini.