Shin Ko Kun San? Ɗan Shekara 12 Jariri Ne a Duniyar Mushtari

Shin ko kun san cewa a makarantun gwamnati na Amurka akwai yara sama da miliyan 5 da ke koyon darasi alhali Turancin ma koyonsa suke yi? Kusan ɗaya cikin kowane goma ke nan! Ku yi tunanin yaro ɗan shekara 12, jiya-jiya ya sauka, ko neman izinin fita bai iya ba, yau malama ta ce ya lissafo duniyoyi takwas da ke zagaya rana. Mu da aka koya wa kimiyya da Turanci ko Faransanci mun san wannan zufar.

To, ga abin dariya. Kusan kashi uku cikin huɗu na yaran nan Sifaniyanci suke yi a gida, kuma tun suna goye suke kiran sunayen duniyoyin ba su sani ba. A harshensu sunan Talata daga Mas ya fito, Laraba daga Makyuri, Alhamis daga Jufita, Juma'a daga Binas. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi lakwal, ku duba Faransancinku, haka abin yake! Mu Hausawa fa? Ƙidayar Larabci muka ɗauko: Lahadi ɗaya, Litinin biyu, Talata uku, Laraba huɗu, Alhamis biyar. Lissafi muke yi kullum ba mu ankara ba.

Yaron da ya fito daga Sin ko Japan kuwa nasa ya fi daɗi. Mas a wurinsa Tauraron Wuta ne. Makyuri Tauraron Ruwa. Jufita Tauraron Itace. Ba gunki, ba tarihi, kai tsaye!

Kada ku ce mu ba mu da namu. Malaman zaure sun daɗe da sanin Uɗaridu, Zahra, Mirriku, Mushtari da Zuhal, wato Makyuri, Binas, Mas, Jufita da Satun na littafin boko. Waɗannan biyar ɗin ido ma yana ganinsu, ba sai da madubin hangen nesa ba. Kalmar da Turawa ke kiran duniyoyin da ita daga Girkanci take, ma'anarta “mai yawo”, domin sauran taurari suna zaune a jerinsu, waɗannan kuwa ba sa zama wuri ɗaya. Larabawa suka ce musu sayyara, masu tafiya. Yau ku je Makka ku ce sayyara, mota za a nuna muku!

Kun san Gamzaki, mai fitowa da asuba? Kun san Zara matar wata, mai haskawa bayan magariba? Ku riƙe hularku: abu ɗaya ne. Zahra ce, wani lokaci ta riga rana fitowa, wani lokaci ta bi bayanta. Kuma ba tauraro ba ce sam, hasken aro take ado da shi.

Yanzu ga dabarar da ke tayar da aji ko mai gyangyaɗi. Ku tambayi yaro shekarunsa. Ya ce 12. To a Uɗaridu, inda shekara kwana 88 ce kacal, ya kusa 50, ya isa aurar da 'ya! A Mirriku shekararsa shida da 'yan watanni. A Mushtari fa? Shekara ɗaya cif, ko yaye ba a yi masa ba, domin sai ta yi kusan shekara 12 tamu kafin ta zagaya rana sau ɗaya. A Zuhal ko rabin shekara bai cika ba. Lamba ba ta bukatar tafinta. Yaron da bai iya haɗa jimla ba zai iya ɗaga yatsa ɗaya ya yi dariya.

Duniyar Naftun kuwa sai haƙuri. Shekararta ɗaya shekara 165 ce tamu. An gano ta a 1846, ba ta kammala zagaye ɗaya ba sai a 2011. Ba ɗan Adam ɗin da zai ga zagayowar ranar haihuwarsa a can.

Shin ko kun san cewa a Uɗaridu yini ya fi shekara tsawo? Daga fitowar rana zuwa wata fitowar, kwana 176 namu. Shekara biyu ke nan a kwana ɗaya! Da rana zafi ya kai digiri 430, da dare sanyi ya gangara 180 ƙasa da sifili. Kuma wai a nan, maƙwabciyar rana ta kusa, akwai ƙanƙara kwance a cikin ramukan da haske bai taɓa leƙawa ba.

Amma ba Uɗaridu ce ta fi zafi ba! Nan yara ke faɗuwa jarrabawa, manya ma haka. Zahra ce, ta biyu a layi. Digiri 465, dare da rana, ba sauƙi. Darma narkewa take yi. Iska mai kauri ta lulluɓe ta kamar bargo, zafi ya shiga ya rasa ƙofar fita. Nauyin iskar ya ninka namu sau 90 da ɗoriya. A 1982 Tarayyar Sobiyat ta saukar da kumbo mai suna Venera 13 a kanta. Minti 127 ya yi yana aiko da hotuna, sannan ya yi shiru har yau. Kyakkyawa daga nesa, tanderu daga kusa. Kuma juyin baya take yi, saboda haka a can rana daga yamma take fitowa. Kada gabanku ya faɗi, can ne, ba nan ba!

Ku zo mu fita filin makaranta, domin zanen da ke cikin littafi yaudara ce. Yakan jera duniyoyin kusa-kusa kamar tumatir a faranti. Ku ajiye ƙwallon ƙafa a bakin raga, ita ce rana. Ku yi tafiyar mita 24, ku ajiye ƙwayar gero ɗaya. Duniyarmu ke nan, da tekunanta da rigingimunta! Mushtari kanya ce guda, a mita 123, ta riga ta fice daga filin. Naftun ƙwayar wake ce a mita 710, sai an leƙa unguwar gaba. Tsakaninsu fa? Wayam. To tauraro mafi kusa da mu bayan rana, ina za ku ajiye tasa ƙwallon? Kilomita sama da 6,000 daga filin. In daga Kano kuka tashi, kun wuce Makka da nisa ba ku iso ba.

Hasken rana yakan yi minti 8 da daƙiƙa 20 kafin ya taɓa fuskarku. Zuwa Naftun, awa huɗu. Da akwai kwalta, motar da ke gudun kilomita 100 a awa, ba tsayawa shan mai, ba shingen hanya, sai ta yi shekara 171 kafin ta kai rana. Naftun kuwa sama da shekara 5,000. Direba, a sauka lafiya!

Ranar nan fa ita ce mai gida da gaske. A tattara nauyin komai na gidan, ita kaɗai ta kwashe kashi 99.8 cikin ɗari. Duniya irin tamu miliyan 1.3 za su shige cikinta. Ragowar ɗan ɓurɓushin ma Mushtari ta cinye mafi yawansa: nauyinta ya ninka na sauran duniyoyi bakwai a haɗe sau biyu da rabi. Ga ƙiba ga sauri, ƙasa da awa 10 ta juya, gari ya waye. A jikinta akwai jar guguwa da ta fi duniyarmu faɗi, tana kaɗawa sama da shekara 150. Wani watanta, Ganimid, ya fi Uɗaridu girma. Wata ya fi duniya!

Ga malamin harshe, nan ne kasuwa ta ci. Wannan ta fi waccan girma. Waccan ta fi duka zafi. Ta fi nisa, ta fi sanyi, ta fi sauri. Darasin kwatance gaba ɗaya yana rataye a sama, kyauta. Amma akwai tarko: a Turanci sunan Makyuri shi ne kuma sunan zaiba, ruwan ƙarfen nan mai sheƙi da ke cikin tsohon ma'aunin zafin jiki. Yaro ya buɗe ƙamus neman duniya, ya ci karo da guba.

Zuhal mai zobba fa? Faɗin zobbanta ya kai wajen kilomita 280,000, amma kaurinsu a wurare da yawa bai wuce mita 10 ba. Ƙanƙara ce da tsakuwa. Ita kanta, duk girman nan, ruwa ya fi ta nauyi mudu da mudu. Da za a samu kogin da zai ɗauke ta, yawo za ta yi a sama kamar ƙwarya. Watanninta kuwa? A Maris na 2025 aka sanar da sababbi 128 a tashi ɗaya, jimla ta kai 274. Ku yi tunanin kwamitin ganin wata a can!

Shin ko kun san cewa wanda ya gano duniyar Yuranas shi ma baƙo ne da ya koyi Turanci da girmansa? William Herschel Bajamushe ne daga Hanoba, makaɗi, ya ƙaura Ingila yana saurayi. Da rana kiɗa, da dare goge madubi. A 1781, daga bayan gidansa a garin Bath, ya hango ta. Ya so ya raɗa mata sunan Sarki Joji na Uku. Saura ƙiris yau yara su riƙa haddace Mushtari, Zuhal, Joji!

Yuranas ɗin nan a kwance take tafiya, kamar tulun da ya faɗi yana gangara. A ƙuryarta ta arewa rana takan yi shekara 42 ba ta faɗi ba, sannan dare ya yi shekara 42. Mai azumi, sai ka yi wa kanka tanadin sahur! Gajimarenta kuma warin ruɓaɓɓen ƙwai yake yi.

Naftun da alƙalami aka fara ganinta. Wani Bafaranshe, Le Verrier, ya lura Yuranas tana karkacewa daga hanya, ya yi lissafi, ya aika wasiƙa birnin Balin cewa a duba wuri kaza. A daren da wasiƙar ta isa, 23 ga Satumba 1846, aka duba. Ga ta nan! Iskarta tana gudun kilomita 2,000 a awa. Kumbo ɗaya tak ya taɓa giftawa ta kusa da ita, Voyager 2, a 1989.

Sai Fuluto, baiwar Allah. Wa ya raɗa mata suna a 1930? Yarinya 'yar shekara 11 a Okusfod, Venetia Burney, ana cikin karin kumallo. Kakanta ya ba ta tukuicin fam biyar. A 2006 masana suka taru a birnin Farag suka sauke Fuluto daga sahun manyan duniyoyi. Shekararta ɗaya shekara 248 ce tamu, wato an naɗa ta an tuɓe ta ko sulusin zagaye ba ta cika ba! Har jimlar da yaran Amurka ke haddace jerin da ita ta tagayyara. Da tana cewa uwa mai ilimi ta kawo fiza tara. Da aka cire Fuluto, fiza ta tafi, wasu malamai suka maye gurbinta da taliya.

Yara ba su daina raɗin suna ba. Motar bincike Curiosity, wato son sani, Clara Ma ce ta ba ta suna tana shekara 12. Perseverance, wato naci, Alexander Mather ne, ɗan aji bakwai. Dukansu biyu Mirriku aka kai su.

Mirriku, ja saboda tsatsa. I, tsatsa irin ta tsohon kwano! Yininta awa 24 da minti 37, kamar namu da ɗan gyara. Buhun shinkafa mai kilo 50 a can kamar 19 za ku ji shi. Tana da dutse mai tsayin dutsen Ebarest sau biyu da rabi. Faɗuwar ranarta shuɗiya ce. Ƙurarta kuwa ta sa hunturunmu ya zama wasan yara, domin takan rufe duniyar ɗungurungum. Irinta ce ta kashe motar Opportunity a 2018, wadda aka tura aikin kwana 90 ta yi sama da shekara 14. Akwai ma wani kwari a can da aka sa wa sunan kogin Neja, wato Kwara tamu.

Kun zaci nisa ne ya raba mu da Mirriku? A Nuwamba 2023 aka tsinci wani dutse a hamadar jihar Agadas, nauyinsa ya kusa kilo 25. Ɓallin Mirriku ne, mafi girma da aka taɓa samu a doron ƙasa. A Yuli 2025 aka yi gwanjonsa a Niyok kan dala miliyan 5.3, gwamnatin Nijar ta ce sai an binciki yadda ya fita.

Kafin shi fa? Ku matso, Katsinawa. Ranar 3 ga Oktoba 1962, wani manomi yana cikin gonarsa kusa da garin Zagami, sai ya ji ƙara kamar aradu. Wani abu ya daki ƙasa, bai fi mita uku da shi ba. Aka tona, dutse ne mai kilo 18. Daga baya masana suka gwada iskar da ta maƙale a cikinsa, ta yi daidai da ta Mirriku. Ya yi shekaru kusan miliyan uku yana gararamba a sarari, bai ga wurin sauka ba sai gonar Bakatsine! Har yau Zagami ake kiransa a ɗakunan bincike na duniya.

Ba a nan ya tsaya ba. A 1996 Amurka ta harba kumbon Mars Global Surveyor, aka liƙa ɗan gutsuren Zagami a jikinsa. Kumbon ya daina magana tun 2006, amma bai bar zagaye ba. Duk daren da kuka hango ɗigon jan nan a sama, akwai tsakuwar da ta kwana a ƙasar Katsina tana kewaya shi.