Mary Jane McCallum: Likitar Haƙori a Majalisar Dattawan Kanada

A Kanada ba a zaɓen sanata da ƙuri'a. Firaminista ne ke miƙa suna, Gwamna-Janar ya naɗa, mutum ya riƙe ɗaya daga cikin kujeru 105 har ya cika shekara 75. Ta wannan ƙofa Mary Jane McCallum ta shiga majalisar a Disamban 2017, zamanin Firaminista Justin Trudeau, tana wakiltar lardin Manitoba.

'Yar ƙabilar Cree ce, cikin mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar, daga ƙauyen Brochet can arewacin Manitoba. Tana da shekara biyar aka raba ta da gida, aka kai ta makarantar kwana ta Guy Hill, ta yi shekara 11 a can. Kada mai karatu ya ɗauka irin makarantar kwanan da ya sani ce. A wancan zamani gwamnati ke ba da kuɗi, coci-coci ke tafiyar da makarantun, manufar kuwa a raba yaro da harshensa da al'adar iyayensa. Yara kimanin 150,000 aka tura irin waɗannan makarantu, dubbai ba su koma gida ba. A 2015 Hukumar Gaskiya da Sulhu ta ƙasar ta ce abin da aka yi kisan kare dangi ne ga al'ada.

Daga ƙasa ta faro aikin haƙori, tana aikin jinya a ƙauyukan arewa inda ganin likita sai an dace. A 1990 ta kammala karatun likita a Jami'ar Manitoba, ana kuma ɗaukar ta a matsayin mace ta farko cikin 'yan asalin ƙasar da ta zama likitar haƙori.

Inda ta fi nuna ko ita wace ce shi ne rikicin Sanata Lynn Beyak, wadda ta dage cewa makarantun nan sun yi alheri, har ta wallafa wasiƙun cin mutuncin 'yan asalin ƙasa a shafinta na majalisa. Sau biyu ana dakatar da ita. McCallum, wadda ta san zafin abin a jikinta, ta gabatar da ƙudurin a kore ta ɗungurungum a Disamban 2020. Kafin a kai ga ƙuri'a, Beyak ta ajiye muƙaminta a Janairun 2021.

A shekarar ce kuma Jami'ar Brandon ta naɗa McCallum uwar jami'a, mace ta farko da ta riƙe wannan muƙami a can.