Ƙarar Salansa Ba Ƙarfin Inji Ba Ce

Idan kaka ta kama a Karfi, cikin ƙaramar hukumar Malumfashi, tun da asuba ake jin motocin akori-kura suna fita da buhunan masara da dawa da waken soya, wasu su nufi Funtua ko Dandume, wasu su miƙe har Dawanau a Kano. A cikinsu akwai waɗanda tun ba ka hango su ba kunnenka ya sha ruri. Da yawan direbobi sun ɗauka wannan rurin alamar ƙarfi ne.

Na taɓa tsayawa a wani gareji, sai ga wani saurayi da motarsa. Ya ce wa mai walda, "Oga, a yanke mini tukunyar salansar nan a sa bututu miƙaƙƙe, motar ta samu numfashi." Wani dattijon bakanike da ke wanke hannu da fetur a gefe ya ɗago ya ce, "Yaro, kaya kake ɗauka ko tsere kake yi?" Amsar wannan tambayar ita ce ke nuna irin salansar da ta dace da mota.

Inji numfashi yake yi a matakai huɗu: ya shaƙi iska da mai, fistin ya matse su, wuta ta kama, sannan ya fitar da hayaƙi. Hayaƙin ba a tare yake fita kamar ruwan famfo ba. Kowace silinda tana tofo nata da bugu, ɗaya bayan ɗaya. Idan bugun ya ruga cikin bututu da gudu, sai ya bar gurbi a bayansa, gurbin ya zuƙo ragowar hayaƙin da ke cikin silinda, har ya taimaka wajen jawo sabuwar iska a ɗan lokacin da bawul ɗin shiga da na fita suke buɗe tare. Shi ya sa masu ƙera mota suke auna faɗin bututu da tsawonsa daidai da girman inji.

Duk wanda ya yi noman rani ya san haka a tiyon ban-ruwa. Ka matse bakinsa, ruwa ya yi tsiri ya je nesa. Ka sa tiyon da ya fi ƙarfin injin ban-ruwan, ruwa ya riƙa malala a hankali. Haka hayaƙi yake yi a bututun da ya yi faɗi da yawa: gudunsa ya ragu, zuƙowar ta mutu. Mai yiwuwa motar ta ɗan ƙara kuzari idan an take totur har ƙasa a kan kwalta. Amma akori-kura ba a nan take cin abincinta ba. Tana buƙatar ƙarfin ja ne a ƙaramar giya, lokacin da take fitowa daga gona da lodi, ko take hawa daga cikin kwari bayan ruwan sama. Daidai wannan ƙarfin ne ake zubarwa. An je neman ƙiba, an samo rama.

Tsofaffin motocin Peugeot 404 da 504, irin waɗanda kamfanin PAN ya riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe shi a 1975, da kafireta suke aiki. Idan aka sauya musu salansa, ma'aunin iska da mai yana iya gocewa, sai an sake saiti, in ba haka ba inji ya riƙa ɗaukar zafi ko yana harbi. Motocin zamani kuwa, kamar Toyota Hilux mai shan fetur, suna da sensa a jikin bututu wadda ke auna iskar da ta rage a hayaƙi, ta gaya wa ƙwaƙwalwar mota. Ƙwaƙwalwar tana ƙoƙarin riƙe awo na kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur. Idan walda ta bar ƙofa kafin hayaƙi ya kai ga sensar, iskar waje ta shiga, sai motar ta ɗauka mai ya yi kaɗan, ta ƙara zubawa. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, babu direban da zai so ya ƙona litarsa a banza.

Sai kuma abin da makanikai ke kira indomi, saboda cikinsa ya yi kama da taliyar. Matatar hayaƙi ce mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, an shafe ta da ƙarafa masu tsada irin su filatinam da faladiyam da rodiyam, waɗanda ke juya guba zuwa iska mai sauƙin illa. A Amurka aka fara sa ta a yawancin sababbin motoci a 1975. Tsadar ƙarafan ce ta sa ake sace ta, ake kuma zuga masu mota su cire. Gaskiya ne idan ta toshe tana shaƙe inji, mota ta kasa hawa tudu. Amma mai lafiya ba ta tauye ƙarfi sosai, kuma toshewarta alama ce ta wata cuta: fulogi da ba ya kawo wuta, inji mai shan baƙin mai, ko gurɓataccen fetur. Wanda ya fasa ta bai gyara waɗannan ba, ciwon yana nan.

Injin gas mai tobo ya ɗan bambanta. Shi yana son hanya a sake bayan tobon, don haka bututu mai ɗan faɗi na iya taimaka masa. Sai dai ribar kaɗan ce idan ba a daidaita man da ke shiga ba.

Abin da ya fi damuna shi ne mutanen da ke baya. A ƙasar nan akori-kura ita ce motar 'yan kasuwa da 'yan ƙwadago da mata masu zuwa biki. Idan aka yanke bututu ya ƙare a ƙarƙashin bodi, hayaƙi yana tasowa wurinsu. A cikinsa akwai iskar kabon monoksayid, ba ta da launi, ba ta da wari, kuma jini ya fi kama ta fiye da iskar da muke rayuwa da ita sama da sau 200. Ciwon kai da jiri da gyangyaɗin da ake ɗora wa rana ko gajiya, wani lokacin daga nan suke. Direba kuma kunnensa ke biya, domin ƙarar da ta kai desibel 85 tana lalata ji idan ana wuni cikinta.

Kafin kakar bana ta kankama, mai mota ya leƙa ƙarƙashinta. Inda ya ga baƙin toka a mahaɗa, yoyo ne, a toshe shi. Tukunyar da ta ruɓe a sa mai girmanta, bututu kuma ya kai har bayan mota. Sannan a canza matatar iska, wadda ƙurar hunturu ke cikawa, a duba fulogi da bawul. Ƙarfin da saurayin nan ya zo nema wajen mai walda, yawanci a waɗannan wuraren yake ɓacewa.